Lasifika a Bayan Bango

Babana mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana jin labarai da rediyon da aka ɗaure wa murfin batir da roba. Saboda haka ranar da ya kira ni a wurin aiki ya ce in zo in kai shi sayen lasifika, "irin ta manya, wadda babu sama da ita," sai na ɗauka sugansa ne ya hau. Na bar kantin maganin a hannun abokiyar aikina, na jefa abin gwaji a jaka na tafi. Na soki yatsansa na duba, suga lafiya lau. Shi kuwa ya riga ya sa hula, har ya kulle tagogi.

A mota ya gaya mini dalili. Kafin Mama ta rasu bara, akwai ranar da ta danna wayarta za ta turo mini saƙon murya, sai ta mance, ta ajiye wayar a gefen wurin wanke-wanke ta ci gaba da harkarta. Saƙon ya iso ni haka nan, na sha dariya, na tura wa Baba don tsokana. Shi kaɗai ne abin da ya rage mana na muryarta, don Mama ko hoto sai an yi yaƙi take tsayawa. Baba ya ce kullum yana kunnawa, amma wayarsa tana maida ita kamar sauro, kuma kwanan nan in ya rufe ido ya nemi muryar matarsa, ta cikin wayar ce ke zuwa masa.

"Ta gaskiyar tana ɓace mini," in ji shi. "Ina so in ji ta a gidan nan yadda take."

Na ƙura wa titi ido. In na buɗe baki kuka zan yi, ga shi ina tuƙi.

Shagon yana saman bene, kuma ba a shiga haka kawai, sai an danna ƙararrawa an duba fuskarka. Wanda ya buɗe mana siririn mutum ne mai kwat, sanye da farar safar hannu, yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai jinjiri yana barci. Tun daga nan na raɗa masa Farar Safa, kuma har yau ban nemi sanin wani sunan nasa ba.

Ya kai mu ɗakin saurare. Bango duk an manne shi da soso mai ƙulu-ƙulu, ƙasa kafet mai haɗiye ƙafa, babu taga, kuma a tsakiyar wannan ƙaton ɗaki kujera ɗaya ce tak. Ya zaunar da Baba, ya zaro tef ya auna daga kunnensa na dama zuwa bango, ya auna na hagu, ya tura kujerar da ɗan yatsa abin da bai kai faɗin farce ba. Ya roƙi Baba ya cire hula, wai tana shan sauti. Ni kuma ya ce in tuɓe awarwaro, in ajiye jaka a waje, in tsaya a kusurwa.

"Jikin mutum ma yana shan sauti, Hajiya," ya ce, yana kallona daga sama har ƙasa.

Na gane abin da yake nufi sarai. Na haɗiye, shi ma a hankali, don ya ce ana jin haɗiyar yawu.

Daga kusurwar na ƙare wa kayan kallo. Akwai wasu dogayen lasifiku biyu, tsawon firij, baƙaƙe wul suna sheƙi. Akwai masu baki kamar mazurarin zuba mai, wanda yaro zai iya kwana a ciki. Akwai wasu shafaffu kamar ƙyauren ƙofa. Farar Safa ya ce katakon dogayen daga bishiyar da ta girma a inuwar dutse aka yanko shi, shi ya sa sautinsu yake da haƙuri. Kebul ɗin da ya haɗa su da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kaurin hannuna ne, kuma ba a barinsa ya taɓa ƙasa, an jera masa 'yan ƙananan kujeru na katako yana bi ta kai. Kebul yana da wurin zama, ni ina tsaye.

"Wace waƙa ranka ya daɗe ya zo da ita?" ya tambaya. "A nan kowa da abin da kunnensa ya sani yake gwaji."

Baba ya miƙa masa waya. Farar Safa ya karɓe ta da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera, amma ya jona. Ya ce mu jira amfilifaya ta yi ɗumi. Muka jira. Sannan ya danna.

Ruwan famfo ya cika ɗakin. Wani murfi ya faɗi ya yi ta juyi. Sai Mama, daga cikin dogayen nan, kamar ta tsaya a gabanmu:

"Malam! Malam! Wa ya buɗe gwangwanin sukarin nan? Cokali ma a ciki aka bar shi, da danshi. Malam, ina magana! Na san kana jina."

Na dafa soson bango. Farar Safa kuwa ya lumshe ido, ya karkatar da kai.

"Ka ji ruwan nan?" ya ce a hankali. "Ka ji inda murfin ya faɗi, can hagu, ɗan baya kaɗan? Ka lura da yadda ta ja 'Malam' na biyu, babu inda ya tsage. Wannan shi ne aikin katakon."

Baba ya girgiza kai. "Ba ita ba ce. Wannan a kan hancina take tsaye."

Aka koma kan masu bakin mazurari. Mama ta fito da ƙarfi har hular Baba da ke kan gwiwarsa ta motsa. Ya ce wannan mai sanarwar tashar jirgi ce. Aka jona shafaffun, muryar ta fito da laushi, ta zagaye ɗakin, har maganar cokali mai danshi ta zama abin sha'awa.

"Wannan matar tana da ladabi," in ji Baba. "Ban san ta ba."

Farar Safa ya fara zufa. Ya sauya kebul, ya juya shi kai ya koma gindi, wai sauti yana da hanyar da ya fi son bi. Ya ɗaga gaban lasifikun da wasu tsinaye na ƙarfe. Ya fitar da ni daga wannan kusurwa ya kai ni waccan. Mama ta yi ta tambayar wa ya buɗe gwangwani, Baba ya yi ta cewa ba ita ba ce, kuma a kowane zagaye muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Na ga ya fara tunanin ko laifin kunnensa ne, ko kuwa ta riga ta tafi ɗin ke nan. Haushin shagon ya kama ni, da soson, da safar, da kaina da na kawo shi.

Can Baba ya ce zai zaga banɗaki. Na bi shi don in nuna masa hanya, Farar Safa ya ja ƙofa ya rufe, ya ce zai gwada wani kebul kafin mu dawo. A kan teburin karɓar baƙi akwai kwano cike da alawa. Baba ya waiga, ya ɗauka ban gani ba, ya ɓare ɗaya ya cusa a kumatu. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai aka riga ni. Ta cikin bango, a dushe, tare da ƙarar famfo:

"Malam! Malam! Wa ya buɗe gwangwanin sukarin nan?"

Baba ya tofo alawar a tafin hannu, ya kai hannun baya, ya sauke kafaɗu. Ya tsaya a lungun nan tsuru-tsuru, tsakanin ƙofar banɗaki da tukunyar fulawar roba, hawaye na bin gemunsa.

"Ga ta," ya ce.

A nan na tuna abin da na sani tun ina yarinya. Mama ba ta taɓa yi wa Baba faɗa ido da ido ba. In tana gabansa kallo kawai take yi, kuma kallon ya isa. Duk wata magana mai nauyi daga kicin take fitowa, ta ratsa bango ta same shi a falo. Rabin aurensu ta cikin bango aka yi shi.

Da Farar Safa ya buɗe ƙofa muka yi masa bayani, sai ya zaro ido.

"Ranka ya daɗe, mutane daga garuruwa suke zuwa don su zauna a kujerar can."

"To a fito mini da ita nan," in ji Baba.

Farar Safa ya kalli kujerar, ya kalli ƙofar banɗaki. Na ɗauka korarmu zai yi. Amma mutumin nan, duk da iyayinsa, ba ya iya barin gwaji a tsakiya. Ya kinkimo kujerar da kansa. Ya tambayi Baba bangon gida na bulo ne ko na katako, ƙofar kicin a rufe take zama ko a sakaye, akwai labule ko babu. Da aka ce akwai labule, ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataya a bakin ƙofa. Sannan ya ce saura abu ɗaya: ta yaya za a san wadda ta fi, tunda kunne yana iya yaudarar mai shi? Idonsa ya sauka kan hannun Baba da ke ɓoye a baya.

Na ce Allah ya kiyaye, mutumin nan yana da ciwon suga. Farar Safa ya ce ai in lasifikar ta gari ce ba za a kai ga sha ba. Baba ya goyi bayansa da sauri, wanda bai ba ni mamaki ba. Haka aka tsara: Farar Safa zai kawo alawa a kan ƙaramin faranti, Baba ya sa a baki, shi kuma ya shiga ya kunna ba tare da ya faɗi wacce ya jona ba. Ni ina gefe riƙe da abin gwajin suga kamar alƙalin wasa.

A zagayen farko Baba ya ci gaba da tsotsar alawarsa hankali kwance, har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shafaffun ne, sun faɗi. A na biyu, da Mama ta ce "Malam!" sai ya zabura ya haɗiye alawar ɗungurungum, sai da na bubbuga masa baya. Masu bakin mazurari ne. Farar Safa ya ce tsoro daban, sani daban, ya fitar da su daga gasar. A na uku alawar ta fito tun kafin a kai ga maganar cokali, hannu ya koma baya, kafaɗu suka sauka. Aka maimaita don a tabbatar, sakamako bai canja ba. Dogayen ne.

Muna cikin haka wani mai sayayya ya shigo, babban mutum da ƙaramar jakar faya-fayai a hannu. Ya tsaya yana kallon tsoho a kujerar alfarma a ƙofar banɗaki. Bai yi dariya ba. Ya jira muka gama, ya nemi a ba shi wurin, ya zauna ya rufe ido, Mama ta yi masa faɗan gwangwani ta cikin bango. Ya gyaɗa kai ya ce lalle sautin ya fi buɗewa daga nan, ya tambaya ko ana sayar da irin bangon.

Wajen biya aka sake samun matsala. Baba ya ce ɗaya zai saya.

"Ba a raba su, ranka ya daɗe. Kamar takalmi suke."

"Ni mace ɗaya na sani a kicin ɗin nan."

Na ja Baba gefe na ce ya bari a ba mu biyun mu tafi, kafin mutumin ya suma. Farashin ba zan faɗe shi ba, don yayana yana iya karanta wannan.

Farar Safa da kansa ya zo gida haɗawa. Da ya ga inda za a ajiye kayan, tsakanin firij da tukunyar gas, ƙarƙashin kantar da maiƙo ya yi wa ado, sai ya cire safar ya ninke ya sa a aljihu. Baba ya ce a juya lasifikar ta fuskanci wurin wanke-wanke, don Mama baya take ba ƙofa. Aka juya. Ta biyun aka jingine ta a gefe ba a jona ba, kuma yanzu a kanta ake shanya tsumman goge kwano. Kujerun kebul dai ya ƙi haƙura da su, ya jera su a kan tayil, wanda ya sa duk mai shiga kicin ɗinmu sai ya tsallaka. Ya saita saƙon ya riƙa maimaita kansa, ya nuna wa Baba abin dannawa, ya tafi bai karɓi ko ruwa ba.

Da la'asar na zauna da Baba a falo. Ya koma kujerarsa ta kullum, ya buɗe jarida ya kare fuska, ya danna. Famfo ya zuba, murfi ya faɗi, labule yana ɗan motsi da iskar fanka. Mama ta kira, ta sake kira, ta ce ta san yana jinta. Baba ya ci gaba da riƙe jaridarsa, ya ƙi amsa mata. Ni ce na kasa jurewa, don a kunnena ma ita ce, har na ji kamar in tashi in je in taya ta ɗauraya.

"Baba, ka amsa mata mana."

Ya sauke jaridar kaɗan, ya dube ni ta saman gilashi.

"Ke ba ki san uwarki ba," ya ce. "Da zarar na amsa, shi ke nan, sai ta yi shiru."

Ya maida jaridar. Daga kicin ta sake kira.