Injin Casar Masara na Garejin Injiniya Fakhruddeen

Ugochi ta shiga ofishin Dakta Ikrima rungume da takardun tambayoyi ɗari da ashirin, duk an cike su, tana jin ta yi abin a yaba mata. Malamin ya ɗaga ta sama, ya leƙa ta ƙasa, sannan ya tura mata kayanta.

"Rabin waɗanda suka cike miki wannan ba su taɓa riƙe aikin da ya wuce gyaran famfo ba," in ji shi. "Ki tafi GRA ki nemi Injiniya Fakhruddeen. Shekara talatin da biyu ya yi yana jagorantar ayyukan ruwa da hanyoyi. In ya yarda ya yi miki hira ta awa ɗaya, ta fi miki wannan tulin."

"In ya yarda, Malam?"

"Ɗalibai huɗu na tura kafin ke. Shayi kawai suka sha suka dawo."

Ugochi haifaffiyar Bauchi ce. Mahaifiyarta, Madam Agnes, tana da shagon kayan lantarki a kasuwar Wunti tun kafin ta haife ta, shi ya sa Hausar bakinta ta fi yaren Ibo ɗinta kaifi. Litinin zuwa Juma'a tana aiki da wani kamfanin kafa eriyoyin waya, ranar Asabar da safe kuma tana aji, tana digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyukan injiniya da fasaha. Kundin bincikenta a kan tambaya guda yake: me ya sa ayyuka ke wuce wa'adinsu?

Ta je gidan wata Asabar cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Tsohon gida ne mai faɗin tsakar gida, bishiyoyin mangwaro sun yi masa rumfa. Ta tarar da maigidan a ƙofar gareji, dogon dattijo sanye da tsohuwar riga duk baƙin mai. Ya amsa gaisuwarta da fara'a, ya karɓi takardar tambayoyin da ta miƙa masa, ya gyara tabarau.

"'Na yarda ƙwarai. Na yarda. Ban yarda ba.'" Ya miƙa mata abarta. "'Yata, ni ban taɓa ganin gadar da aka gina da na yarda ko ban yarda ba. Zauna ki sha shayi."

Matarsa, Hajiya Yelwa, ita ta kawo shayin. Ta tambayi baƙuwar abin da take bincike a kai.

"Dalilin da ya sa aiki ba ya ƙarewa a kan lokaci, Hajiya."

Dariya ta kama Hajiya har sai da ta ajiye tiren a kan dakali. "Taso, 'yar nan. Taso ki ga amsar bincikenki."

"Hajiya, ki bar yarinya ta sha shayinta," in ji dattijon, amma tuni an buɗe ƙofar garejin.

Wani ƙaton abu ne na ƙarfe ya cinye rabin ɗakin, da bututu nan, da mazurari can, wayoyi suna ta reto. Hajiya ta zayyana mata tarihinsa. Injiniya yana da gona a ƙauyen Miri. Shekarar da ya yi ritaya, ya ga yadda matan ƙungiyar manoma ke zuba masara a buhu suna jibga da sanda har hannuwansu su kumbura, sai ya yi musu alkawarin injin casa. Da farko da man dizal zai yi aiki. Daga baya ya ce a'a, da hasken rana. Sai ya ƙara masa wurin shiƙa, sannan wurin ɗura buhu, bara kuma ya ce ai ya kamata ya riƙa niƙa. Yau shekara tara ke nan.

Bakin Ugochi ya riga tunaninta. "Baba, ai wannan shi muke karantawa. Aikin da kullum ake ƙara masa buri har ya kasa tashi."

Dattijon ya cire tabarau. "Ni? Ni da na miƙa madatsar ruwa saura wata biyu wa'adi ya cika?"

"Can akwai mai tsaya maka a ka, Alhaji," in ji Hajiya. "Nan kuwa kai ne mai aiki, kai ne ɗan kwangila, kai ne mai dubawa."

Ugochi ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara ba da haƙuri, amma sai ta ga gefen bakinsa yana motsi. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya juyo.

"To, malama mai karatu. Ga aiki nan. In kin iya fitar da shi daga garejin nan kafin a gama girbin bana, ki tambaye ni duk abin da kike so."

Asabar ta gaba ta zo da takarda shafi ɗaya da babban kwali. Takardar ta ce aikin injin casa ne kawai, ba shiƙa, ba niƙa. Za a kai shi Miri ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba. Duk canjin da ake so, a rubuta shi, Hajiya Yelwa ta sa hannu, don ita aka naɗa mai aiki. A kan kwalin kuma ta zana jadawali, mako goma, ta manna a bangon gareji.

Hajiya ta karɓi muƙaminta hannu bibbiyu. Har biro ta ware, ta maƙala a bakin mayafi. Cikin mako uku Injiniya ya rubuta buƙatar canji bakwai, ta ƙi shida nan take, ta bakwai ta ce za ta duba bayan la'asar, bayan la'asar ɗin ta ƙi.

Hirar da Ugochi ta zo nema kuwa ba ta jira girbi ba. Da zarar ta riƙe masa sifana ya duƙa a kan noti, sai labari ya ɓalle. Ta nemi izini ta riƙa ɗauka a waya, ya ce ta ɗauka, shi dai kar a sa shi cike takarda. Ya ba ta labarin kwalbatin da ya tsaya wata huɗu don kawai ba a je an gaida mai unguwa ba. Ya ba ta na ma'aikacin da ya san bututun da aka kawo ba su ne ba, amma ya yi shiru saboda ba a saba tambayarsa ba. Duk abin da ta ji ranar Asabar, sai ta gan shi a littafin karatunta ranar Lahadi da yamma, da dogon Turanci.

A mako na huɗu aka samu matsala. Injiniya ya ce a sa wa injin tayoyi. Ugochi ta duba kwalinta, ta ga tayoyi za su ci kwana goma, ta ba Hajiya shawarar ta ƙi, Hajiya ta ƙi. Wannan karon dattijon bai yi gardama ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki jarida ya zauna ƙarƙashin mangwaro. Ranar Laraba Hajiya ta yi wa Ugochi waya: ko ƙofar garejin bai buɗe ba.

Abin ya tsaya wa Ugochi a rai. Ranar Asabar a aji, Dakta Ikrima yana bayani a kan duk masu ruwa da tsaki a aiki, ya ce kowa ya rubuta sunan wanda zai yi amfani da abin da yake ginawa, da ranar da ya ji ta bakinsa. Ta ciro takardarta mai shafi ɗaya. Akwai sunanta, akwai na Injiniya, akwai na Hajiya. Babu sunan mace ko ɗaya daga Miri. Kunya ta rufe ta a zaune.

Daga aji ta zarce GRA. "Baba, na yi kuskure. Ban san ko tayoyin suna da amfani ba, jadawalina kawai na duba. Mu je mu tambayi masu abin."

Ya naɗe jaridar. "Rabona da zuwa wurinsu da maganar injin nan ya kai shekara shida. Kunya nake ji."

"To mu je mu ji ta tare."

Shugabar ƙungiyar, Mama Liatu, gajeriyar mace ce mai ƙarfin murya. Sun same ta a bakin gonarta, masara ta fara bushewa a tsaye. Ta gaida Injiniya da girmamawa, ba ta ko ambaci shekaru taran ba. Ugochi ta nuna mata hoton injin a waya. Ta kalla, ta juya wayar, ta sake kalla.

"Wannan a ina zai zauna, ranka ya daɗe? Gonakinmu a warwatse suke, hanyar kuma babur kawai ke bi. In ba za mu iya tura shi daga wannan gona zuwa waccan ba, to sai dai mu riƙa zuwa kallonsa."

Injiniya ya juyo ya dubi Ugochi, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "Tayoyi, malama mai karatu. Kin ji?"

"Kuma ya yi girma," Mama Liatu ta ci gaba. "A rage rabinsa. Wannan bakin da ake zuba masarar, wa zai kai can? Mu ba dogaye ba ne irinka. A sauko da shi daidai ƙugu. Shiƙa kuwa a bar mana, iska ba ta taɓa ƙin zuwa ba."

Hajiya ta ciro bironta ta miƙa wa Mama Liatu. "Daga yau ke ce mai aiki. Ni na huta."

Saura mako biyar, jadawalin kuma ya rushe gaba ɗaya. Ugochi ta sayi sabon kwali. Ta raba aikin gida biyu su tafi lokaci guda: Jide mai walda, wanda shagonsa ke kusa da na mahaifiyarta, zai yanke firam ɗin, wato ƙarafan jikin injin, ya haɗa tayoyin baro guda uku, Injiniya kuma ya ji da farantan sola da batir. Ranar da Jide ya yanke sashen shiƙar, dattijon ya tsaya a kansa kamar mai raka aboki tasha.

"Shekara biyu na yi a kan wannan," in ji shi.

"Ajiye shi za mu yi, Oga, ba jefarwa ba," in ji Jide, ya jingine shi a bango da ladabi.

Duk da haka ba su cika wa'adi ba. Bel ɗin juya injin da aka aiko daga Kano ya zo da gajarta, sai da aka mayar aka sake aikowa. Ugochi ta kira Mama Liatu da kanta ta faɗa mata gaskiya, an ƙara kwana huɗu. Mama Liatu ta ce masarar ba gudu za ta yi ba.

Ranar Laraba da hantsi aka sauke injin daga a-kori-kura a bakin hanyar Miri. Mata biyu suka tura shi har cikin gona, ba tare da kowa ya kama musu ba. Mutane sun taru, har da masu babura da suka ajiye sana'a suka zo kallo. Ugochi ma hutun yini ɗaya ta ɗauka a wurin aiki ta zo. Injiniya ya yi bisimilla ya danna makunni, injin ya ɗauka da wata 'yar ƙara mai daɗi. Mama Liatu ta zuba kwandon farko.

Ƙwayar masara ta fara zubowa ta ƙasa, rawaya tas. Sai wata totuwa ta fito ta gefe kamar an harbo ta, ta ɗauke hular Injiniya ta jefar cikin kara. Hajiya ta fashe da dariya, kowa ya bi. Dattijon da kansa sai da ya dafa kafaɗar Jide. Aka kashe injin, Jide ya lanƙwasa wani ɗan faranti ya rufe mafitar ta kalli ƙasa, aka sake tayarwa. Kafin azahar an cika buhu goma sha ɗaya, aikin da kan ɗauki matan kwana uku. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta riƙo hannun Ugochi ta jawo ta tsakiyar fili, dole ta taka.

Injiniya ya zauna a kan buhu, hularsa cike da ƙaiƙayi, idanunsa sun ɗan yi ja. "Ki rubuta a kundinki cewa mun makara da kwana huɗu," ya ce mata. "Kar ki ɓoye."

"Shekara tara da kwana huɗu," in ji Hajiya.

Da za su tafi, Mama Liatu ta sa aka ɗora wa Ugochi rabin buhun masara a bayan mota, duk roƙon da ta yi a bari bai yi amfani ba. Ta biya ta Wunti da yamma, Jide ya taya ta sauke shi a ƙofar shago. Madam Agnes ta fito, ta dubi buhun, ta dubi 'yarta da ƙaiƙayi har cikin kitso.

"Karatun digiri na biyun ke nan?"

"Shi ne, Mama."

Ta tsoma hannu ta ɗebo ƙwayar, ta murza, ta jinjina kai. "Mai kyau ce kuwa. Gobe kafin ki wuce aiki ki kai niƙa, na kwana biyu ban sha kamu mai daɗi ba."