Jan Ambulan a Aljihun Dehai

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don katanga ɗaya ce tsakaninmu da masu shi, kuma Kaka Lou har yau ba ta sani ba.

Tun da Dehai ya koma aikin fim a bayan gari, matarsa Qiulan ta daina yarda da shi. Ya aske kansa ƙwal. Saman leɓensa kullum ja. Ba ya shigowa gida kai tsaye, sai ya tsaya wurin mai soyayyen tofu, wato awara, ya ci a tsaye, shi da ba ya son tofu. Sai kuma ta tsinci jan ambulan, irin wanda ake saka kuɗin kyauta, a aljihunsa, babu komai ciki. Ba sabuwar shekara ba, ba biki ba, wace ce ke ba shi jan ambulan?

Kakarsa, Kaka Lou, ba ta da aiki sai kallon finafinan yaƙi. Tana 'yar mitsitsiya sojojin Japan suka ƙone ƙauyensu, mahaifinta na ciki. In an harbe abokin gaba a talabijin sai ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai ɗan nema, yaushe zan gan ka a akwatin nan?"

"Ina can baya, Kaka, riƙe da jar tuta. Ba a ganina."

Bai ɗago daga kwanon shinkafarsa ba. Qiulan ta lura.

Da safe ta hau babur ɗinta ta bi shi daga nesa. Ta laɓe bayan motar abinci tana neman macen. Sai ga shi cikin kakin Japan, da ɗan guntun gashin baki manne da gam. Jarumin fim, dogo mai fararen haƙora, ya yi harbi ɗaya, mutum biyar suka zube, har da Dehai.

"Kai mai gwame!" in ji darakta ta lasifika. "Wa ya ce ka mutu kamar namiji? Ka yi kuka, ka roƙi rai! Mutuwar jarumta ta namu ce!"

Dehai ya tashi, ya sake faɗuwa cikin taɓo yana kuka.

Da aka ba da hutu ta tare shi.

"Sannu, mai riƙe tuta."

Ya ɓalle gashin bakin da sauri. "Sun ce fuskata ba ta jarumi ba ce, Qiulan."

"Ambulan ɗin fa?"

"Duk wanda ya yi gawa ana ba shi, don korar rashin sa'a. Dole ka kashe kuɗin da ke ciki kafin ka taka gida."

"Shi ya sa kake cin tofu."

"Har ya ishe ni." Ya kama hannun rigarta. "Kar ki gaya wa Kaka."

Babu mace, amma zuciyarta ba ta yi sanyi ba. Fim ɗin nan zai fito, kuma tsohuwar ba ta barin ko ɗaya ya wuce ta.

Washegari ta tsinko ganyen lemon garehul, ta dafa, ta ajiye masa ruwan cikin bokiti a bakin ƙofa, irin wanda ake wanka da shi in an dawo daga jana'iza. Kaka Lou ta leƙo ta shinshina.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Kaka," in ji Qiulan, ta ɗora murfi a kan bokitin.