Zanen Da Mata Suka Sake Wa Suna

"Baba Balarabe, zan saka atamfarka, amma da sharaɗi guda," in ji Zalika. "Duk hoton da aka ɗauke ni, ba mai taɓa mini fuska."

Na ce, "Ɗiyata, ni da ko lakol, makarantar boko, ban ƙare ba, ina na san taɓa fuska a hoto? Na yarda."

Zalika ɗiyar marigayi Hayatu ce, abokina na Gidan Sori. Shekara biyu ta yi a Yamai tana neman shiga cikin 'yan matan da ke tallar tufafi, masu sa kayan tela su yi tafiya gaban jama'a. Buro uku, wato ofisoshin masu wannan harka, suka kore ta. A na ƙarshe wata madam ta ɗauke ta hoto, ta sa aka goge mata tsagar Gobirawa da ke kumatunta, sannan ta dubi hoton, ta dubi Zalika, ta ce hoton ya yi, yarinyar ce ba ta yi ba. Da ta dawo gida uwarta ta ba ta wata guda: ko abin ya nuna alamar amfani, ko a rufe zancen har abada.

Ni kuma ina da tawa damuwar. Shekara talatin ina sayar da atamfa a kasuwar Gidan Rumji, na san zane da sunansa yake tafiya. Mata ke raɗa suna, ba ɗan kasuwa ba. Na sayo wata mai ruwan ƙasa da ɗigon shuɗi, ranar farko wata tsohuwa ta ɗaga ta ta ce, "Wanga ai bargon jaki ne." Shi ke nan. Wata bakwai ba wadda ta ko tambayi kuɗinta. Rabin dilar ma na tura wa Ilyasu maƙwabcina a wulaƙance, don in samu wurin ajiya.

Ranar kasuwa Zalika ta fito da riga da zane da kallabi na bargon jakin. Ta fara irin tafiyar Yamai, ƙafa bisa ƙafa, wuya a sanƙare. Wata mai tallar fura ta ce, "Ke, ƙaya kika taka?" Aka fashe da dariya. Na ga idonta ya cika.

Na jawo ta bayan rumfa na ce, "Wa ka tafiya haka a Gidan Rumji? Matanga so suke su ga yadda zane yake in an hau amalanke, in an duƙa awon hatsi. Je ki yi cefanen uwarki kawai."

Ta share ido, ta ɗauki ƙwarya. Ta duƙa wurin masu wake, zanen bai kwance ba. Ta karɓi ɗan wata mata ta goya, ta ɗare bayan babur ta sauka. Rana ta bugi shuɗin nan, ya zo daidai da baƙin fatarta da tsagar kumatunta. Sai ga tsohuwar nan ta bargon jaki ta tsaya, ta riƙe haɓa.

"Ɗiyar wa ce wannan?"

Na ce, "Ta Hayatu ce, wadda Yamai suka ce ba ta yi ba."

"Su suka ce? To, a yanko mini turmin Yamai Ta Yi Asara."

Kafin la'asar sunan ya zagaye kasuwa. Hoton da Binta tela ta ɗauka da wayarta, tsaga da komai, ya kai Tibiri, ya kai Agiye. Biki biyu suka yi anko da zanen. Teloli uku na Maraɗi suka aiko neman Zalika, uwarta da kanta ta raka ta tasha. Madam ma ta bugo waya. Zalika ta ce tana da aiki ranar, amma in hoto ake so, ga kasuwa nan, a zo da ido.

Zalika ta samu sana'arta da fuskarta cikakkiya. Madam ta rasa yarinya. Ni na sayar da rabin dilata, ɗayan rabin kuwa Ilyasu ya ci ribarsa, har yau in na wuce sai ya ɗaga mini hula.