Neman Inda Baba Zai Ci

Mako biyu likita ya ba mu. Ya ɗora Baba a kan sikeli, ya duba, ya juyo ya harare ni kamar ni na cinye sauran. Ya ce in muka dawo bai ƙara ko kilo ɗaya ba, gado zai ba shi. Baba kuwa ya rantse in aka kwantar da shi a asibiti, ta taga zai fita.

Tun da Mama ta rasu Baba ya daina cin abincin kirki. Shi ya sa na ɗauko shi muka koma wata unguwa kusa da shagon tabarau inda nake aiki, don in riƙa leƙo shi da rana. Girkina kuwa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba ya kisa, amma ba wanda ya taɓa lashe hannu a kansa. Baba zai yi loma biyu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta," ya ture kwano. Ni kuma in ce, "To, Baba," in kwashe.

Sai na shiga neman gidan abinci. Wai matambayi ba ya ɓata! Wanda ya faɗi haka bai taɓa zuwa unguwarmu ba. Mai gadin gidanmu ya tura ni wani wuri, ashe na ƙanwar matarsa ne. Telan da ke ƙasan bene ya ce kada in sake, ga inda zan je, ashe na yayarsa ne. Mai gyaran waya ya nuna mini wani a waya, taurari biyar reras, mutum goma sha biyu suna ta yabo. Daga baya na gane duk shi ya rubuta, wurin kuma na kawunsa ne.

Duk na saya na kai gida. Baba ya ɗaga cinyar kaza ya ce wannan ta yi aikin soja kafin ta mutu. Shinkafar tela kuwa ya ce har yanzu ba a gaya mata an dafa ta ba.

"Auta, ba ki iya nema ba," in ji shi. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, ba irin rumfar da bai ci a cikinta ba. "Rabu da allon ƙofa. Zagaya ta baya ki duba kwanukan da ake dawowa da su wanki. In da saura a ciki, yi gaba. In an suɗe su tas, zauna."

Na ɗauki shawara. Da hutun rana sai in fita yadda nake, da farar rigar aiki, tabarau a hanci, littafi da biro a hannu. In zagaya bayan gidan abinci, in leƙa bahon wanke-wanke, in rubuta abin da na gani. Ni dai ban kawo komai a raina ba.

Kwana uku da farawa, ina shan kwana sai na ji wani ya yi fito, ƙofofi suka fara rufuwa garam-garam. Wani mutum ya wuce ni a guje da tukunya a ka. Wani wurin da na leƙa jiya, yau ya sha sabon fenti har da kujerun. Wani mai gidan abinci ya cusa mini gasasshiyar kaza a leda, ya ce in gaida manya. Na ce kai, mutanen unguwar nan akwai karamci! Ban gane ba sai da mai gadinmu ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe duba-gari ce ke, kika ɓoye mana?"

Na yi rantsuwa har na gaji, tabarau nake sayarwa. Ya ce ai haka dukanku kuke cewa.

Kwana tara suka tafi. Duk inda na nufa a rufe. Na tarar da Baba yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, na shige ɗaki don kada ya ga idona. Tsoro nake ji, wallahi. Na rasa uwa, ga uba yana narkewa a gabana, ni kuma ina yawon leƙa bahon mutane.

Ran na goma na bi ta bayan garejin gyaran motoci, na ga wata ƙofa ba allo ba komai. A bakinta ga baho cike da kwanuka, an suɗe su kamar an wanke. Na sunkuya ke nan na ji murya a kaina.

"Ke ce kika hana 'yan unguwa sakat?"

Wata dattijuwa ce, ludayi a hannu. Makanikai Gwaggo suke ce mata. Ba ta rufe ƙofa ba, ƙara wangale ta ta yi. "Shigo ki duba! Buɗe tukwane, leƙa ƙarƙashin tebur. In kin ga kyankyaso ɗaya, a gabanki zan cinye shi."

Ni da na zo neman abinci, sai ga ni ina kuka a jikin buhun albasa. Na kwashe komai na gaya mata, na ce ta zuba mini in kai wa Baba.

"Ba na zuba wa tsoho abinci a roba," in ji ta. "Yana da ƙafa? Kawo shi."

Washegari na kawo shi, yana mita tun daga bene. Gwaggo ta zaunar da shi a benci tsakanin wasu tsofaffin makanikai biyu, ta dangwara masa shinkafa da miya da kifi. Baba ya yi loma biyu, ya ture kwano.

"Gishiri ya yi yawa."

Har na buɗe baki zan ce to, Gwaggo ta riga ni.

"Gishirin ne ya yi yawa, ko bakinka ne ya tsufa?"

Baba ya ɗago a hankali. "Ke, ni za ki koya wa abinci? Ina cin girkin hanya tun ba ki iya hura wuta ba."

"Shi ya sa harshen ya mutu. Sake ɗanɗanawa."

Ya janyo kwano ya sake kai loma, wai don ya kafa hujja. Makaniken da ke damansa ya ce gishiri daidai ne, yaji ne ya kasa. Na hagu ya ce ku duka ba ku san komai ba. Baba ya kai wata lomar don ya bincika maganar yaji. Haka aka yi ta yi, yana nuna Gwaggo da ƙayar kifi, tana nuna shi da ludayi, har cokali ya fara ƙara a gindin kwano.

"Ƙaro kaɗan," in ji Baba, "in nuna miki inda kika yi kuskure."

A hanyar gida yana tafe yana ƙwafa, wai matar nan ba ta da kunya ko ta sisi. Da muka iso gindin bene ya tsaya yana maida numfashi.

"Rabon da wani ya yi mini gardama a kan abinci, tun uwarki," ya ce. "Ke kullum to Baba, to Baba, kamar kin zo gaida marar lafiya."

Na gyara tsayuwa.

"Ai gishirin nan daidai yake, Baba. Rigima ce kawai irin taka."

Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa.

"Gobe ƙarfe ɗaya," ya ce. "Ki zo da kanki ki ji, tunda ke ma kin zama gwana."