Muryar Mai Zobe Ta Tsufa

Kun ji, kada ku ce ba ku ji ba. Tun bara muryar Mai Zobe take rawa a rediyonku, kuka ƙara sauti kuka ci gaba da harkokinku. Ba wanda ya tambayi lafiyar mai muryar. To, babana ne.

Tun kafin a haife ni yake fitowa a wasan kwaikwayon nan a matsayin matsafin da zobe ya hana shi tsufa. Yanzu ina cikin masu rubuta wasan. Ranar Litinin darakta ya kira mu ɗakin ɗaukar murya, ni da Baba, ya turo ƙofar ɗakin mai soson tare sauti.

"Baba, ka yi haƙuri, amma Mai Zobe ba ya tsufa," in ji shi. "Mun samu wani matashi da ke kwaikwayon muryarka ta da. Ko mai ɗakinka ba za ta gane ba."

"Ita ai ta daɗe da daina saurarena," in ji Baba, yana murmushi, yana laluben hularsa zai tafi.

Raina ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce zoben ba ya gajiya?"

"Haka aka rubuta tun farko."

"Mutane suka rubuta, mutane za su sake. Ilimin halittu na karanta. Jiki kullum lalacewa yake yana gyara kansa, har gyaran ya gaza. Aikin zoben ke nan, gyara. A bar masu sauraro su ji ranar da ya fara kasawa."

"Boko ya motsa," in ji mai haɗa sauti daga bayan gilashi. "Saura a kai aljanu awon jini."

Darakta ya girgiza kai. "Mutane ba sa son jarumi mai tari."

"Ka taɓa tambayarsu?"

Baba ya ajiye hular. "Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi a rubuce?"

"Tsufa kawai, Baba."

"Wannan kam na iya shi, ba sai an koya mini ba."

A tsaye na rubuta fitowar: Mai Zobe ya wayi gari da furfura a gemu, ya murza zoben, shiru. Baba ya matsa gaban makirufo. Da ma mai haɗa sauti yakan bi muryarsa yana yanke haki da tari kafin a watsa. Baba ya ɗaga masa yatsa.

"Ɗana, yau kada ka taɓa mini numfashi."

Sai ya fara. "Birane sun tashi sun rushe a gabana, ban zauna ba. Yau gwiwata ta ce in zauna." Ya ja numfashi mai kauri, muryar ta karye, ya ɗinke ta. "Zan zauna. Amma ni zan zaɓi kujerar."

Da ya gama, mai haɗa sauti ya adana muryar yadda take, da hakinta. Ni kuwa ji na yi kamar na ƙara tsawo.

Darakta ya juyo gare mu. "Fitowa ɗaya, ranar Alhamis. In masu sauraro suka yi shiru, matashin zai karɓa."

Saboda haka ranar Alhamis ku kunna rediyo, ku saurara har ƙarshe. In an buɗe layi, ku kira ku ce a bar wa tsohon nan makirufonsa.