Ƙarnin Gidan Ya Kellu

Mutum uku Zarami dillali ya kai gidan Ya Kellu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, duk ukun daga zaure suka juya. Ya san dalili. Shekara ashirin da biyu tana bandar kifi a tsakar gidan, har bango ya sha ƙarni. Ita kuwa so take ta sayar kafin damina, ta koma Gashuwa wajen 'yarta Aisa.

Faɗa mata ne aikin, don ƙawar mahaifiyarsa ce. Ran Laraba da hantsi ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara daga nesa.

"Ya Kellu, mai saye da ido yake farawa. Da za a shafa farar ƙasa."

"A shafa."

"Kwandunan nan a kai ɗaki. Murhun bandar nan uku, a kewaye su da zana. Sai kuma iskar gidan."

"Me iskar ta yi?"

"Tana da ɗan nauyi."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ƙarni kake son cewa. Faɗi mana, ai ba zagi ba ne. Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu, kai ma ka sha romonsa."

Duk da haka ta yarda. Aka yi shafe, aka kafa zana, ta kwana uku tana zuba turaren wuta a kasko.

Ran Asabar ya zo da Festus, ma'aikacin reluwe, da matarsa Akudo. Festus ya duba ɗakuna da rijiya, yana gyaɗa kai. Akudo ta tsaya a tsakar gida ta shaƙi iska sau biyu.

"Mama, gida ya yi kyau," in ji ta, "amma ba shi ba ne. Mu gidan mai banda aka ce mana. Ni kifi nake aikawa kudu. Wannan kuwa kamar ɗakin amarya."

Ya Kellu ba ta dubi Zarami ba. Ta je ta kwance igiya, zana ta faɗi. Akudo ta tsuguna, ta zura hannu cikin murhu, ta murza baƙin hayaƙin ta shinshina.

"Wa ya gina?"

"Ni. Na tsakiyan nan na tarwaɗa ne, ba ya son wuta da yawa."

"Festus, zo ka gani. Shi ne."

Matan biyu suka shiga zancen itace da lokacin juya kifi. Zarami na tsaye a gefe, kusa da kaskon da ke ta hayaƙi.

"Zarami," in ji Ya Kellu, "fitar da turaren nan waje. Yana damun baƙi."