Ɓarin Akuyar Gwaggo Marselin

Ndinga ɗalibi ne a sashen likitancin dabbobi, a nan Ngaundere, kuma gwaggonsa Marselin ce ta riƙe shi tun yana ƙarami. An ba ajinsu aikin auna sinadarin da jikin dabba ke zubawa cikin jini idan ta firgita. Akan raba ta da garke, a ɗaure mata ƙafafu, a ɗebi jini a jijiyar wuya kafin ɗaurin da bayansa. Malaminsu ya ja musu kunne: kada a taɓa mai ciki, firgici yana iya sa ta ɓari.

Ndinga ya yi ta yawon kallon ƙwallo har lokacin da aka ware masa a garken makaranta ya wuce. Ranar Lahadi, da gwaggo ta tafi coci, sai ya ja akuyarta bayan ɗaki. Ya ga hantsarta ta cika. Ya san abin da hakan ke nufi, har jarrabawa ya ci a kai. Duk da haka ya ɗaure ta da igiya. Tana kuka, tsokar cinyarta na rawa, shi kuwa yana ta zuƙar jini da sirinji.

Washegari ta yi ɓarin 'ya'ya biyu.

"Na sani!" in ji gwaggo, tana tafa hannu a tsakar gida. "Dudu ce!"

Dudu bazawara ce, maƙwabciyarsu, mai soya fanke da wake a bakin layi.

"Shekaranjiya ta leƙo ta katanga, wai, 'Marselin, tagwaye akuyar nan za ta ba ki.' Wa ya tambaye ta? Da ido ta cinye su!"

"Gwaggo, ai dabba takan yi ɓari haka kawai."

"Rufe min baki, Dokta. Bokonka bai kai nan ba."

Ya rufe bakin. Wannan shirun ya fi igiyar muni, kuma ya sani.

Magana ta zaga unguwa. Iyaye suka hana yara sayen fanken Dudu. 'Yan acaɓa, da ke cika mata benci kullum da safe, suka koma wani layi. Shi kuwa Ndinga ya sami maki mai kyau, malaminsa har ya yaba masa a gaban aji. Daga ranar ya riƙa barin tuwon rogonsa a kwano.

Daga ƙarshe ya durƙusa gaban gwaggo ya faɗa mata komai. Ta dube shi, ta yi tsaki.

"Ɗan jinin da bai cika cokali ba? Ka gani, har kai Dudu ta juya wa kai. Tashi ka ba ni wuri."

Gaskiyar da aka jinkirta haka take zama, ta zo ta tarar an riga an yanke hukunci.

Da safe ya tafi bakin layi, da niyyar ya gaya wa Dudu da bakinsa. Benci wayam, mai na tafasa a banza. Ta zuba masa fanke, ta ƙara masa biyu.

"Ci, ɗana. Duk unguwar nan kai kaɗai ne ba ka tsoron hannuna. Allah ya yi wa karatunka albarka."

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya ce, "Amin, Mama," ya sa fanke a bakin.